Godiya ga shagon kayan famfo na Sabon Gari, inda ake tambaya kafin a sayar

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan famfo da na wuta da ke Sabon Garin Zariya, tare da dukan yaran shagonsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwa, ya iyali? Na rubuta wannan takarda a fili ne, inda jama'a za su karanta, domin abin da ake yi a shagonku ya yi ƙaranci a garin nan, kuma yabon gwani ya zama dole.

Duk mazaunin Zariya ya san halin ruwa. Daga Tudun Wada zuwa Gyallesu, daga Samaru zuwa Kwangila, gida da yawa rijiya ce, ko burtsatse, ko kurar 'yan garuwa. Kowane magidanci ya zama ma'aikatar ruwa shi kaɗai: ga inji, ga tanki a sama, ga bututu ya ratsa tsakar gida. Abin da ake mora kullum kuwa dole wata rana ya ba da matsala. Sai mutum ya shiga kasuwa ya ce famfonsa yana ɗiga, kafin ya rufe baki an dire masa sabon kan famfo a kanta. Ya ce injinsa yana gurnani ba ya jan ruwa, a ce masa ya ƙone, ga sabo, alhali ba wanda ya ga injin. Idan ya tambayi dalili, a dube shi kamar ya zo bara. Haka aka saba, har mutane suka ɗauka haka kasuwar take.

A shagonku akwai dattijon nan da ke zama daga gefen kanta, wanda yara ke kira Baba. Saboda shi na ɗauki alƙalami. Wanda duk ya zo da kukan famfo, tambayar farko ita ce: "Daga ina yake ɗiga?" Wanda ya san aikin ya san amsar wannan tambaya ita ce rabin gyara. Idan daga baki yake ɗiga bayan an rufe shi, robar ciki ce ta cinye. Idan daga wuya ne, ƙarƙashin mariƙi, kuma sai an buɗe yake tsatsa, zoben robar da ke jikin sandar ne, ko notin wuyan ya saki. Idan kuwa daga gindi ne, inda ya haɗu da bango, laifin zare ne da rashin tef. Cuta uku, magani uku, kuma babu ɗaya da ke buƙatar sabon famfo.

Baba ba ya tsayawa a nan. Yakan ɗauko tsohon kan famfo daga ƙarƙashin kanta ya warware shi a gaban mai saye. A fara rufe bawul ɗin da ke fitowa daga tanki, a buɗe famfon ruwan da ya rage ya tsiyaye. A cire sukurun mariƙi, a sa sifana a kwance kan, hannu ɗaya yana riƙe da jikin famfon kada bututun cikin bango ya murɗe. Robar tana can ƙasan sanda, yawanci ta rabin inci. A canza ta, sannan a sa yatsa a shafa inda take zama. In akwai yashi a goge, domin ƙwayar yashi ɗaya daga rijiya ta isa ta yanka sabuwar roba cikin mako guda. Famfon zamani mai kwata-juyi ba shi da irin wannan roba, faifai biyu ne na tangaran a ciki, kuma cikin gaba ɗaya ake canzawa. Shi ya sa Baba ke cewa a zo da tsohon a hannu a gwada, don tsawonsu da haƙoran kansu ba ɗaya ba ne.

Tef ɗin zare ma akwai yadda yake naɗa shi. A fuskanci bakin zaren, a bar layin farko, a naɗa ta inda hannun agogo ke bi, zagaye 10 zuwa 15 in siriri ne irin na kasuwa, ana ja ana dannawa. Wanda ya naɗa ta baya, yana ɗaure famfon tef ɗin yana warwarewa. Kuma in famfon ƙarfe ne zai shiga soket na roba, wato mahaɗar bututu, a ɗaure da hannu a ƙara juyi ɗaya ko biyu da sifana, a tsaya. Ƙarfin tuwo a nan tsaga soket yake yi, tsagar kuma tana cikin bango.

Ranar wata Asabar wata mata ta shigo, da goyo a bayanta, ta ce: "Baba, tankinmu ba ya kwana da ruwa. A cika shi da magariba, kafin asuba ya yi rabi, kuma ba inda muka ga jiƙa. An ce mu canza tanki."

Ya ce: "'Yata, kuna da bayan gida na zama?" Ta ce akwai biyu. Ya ce: "Kina da bula ta wanki?" Ta yi dariya ta ce akwai. Ya ce ta ɗaga murfin ƙaramin tankin bayan gidan, ta zuba bula kaɗan, kada kowa ya ja ruwa har minti 20. In ta ga shuɗi ya sauko cikin kwanon, robar da ke toshe ƙasan tankin ce ba ta zama daidai. In shuɗi bai sauko ba, ta duba ko ruwan yana haurawa har bakin bututun ambaliya. In yana haurawa, to ƙwallon da ke rufe ruwa ne ba ya rufewa, ko an saita shi sama da kima, ko ya huje ya sha ruwa ya nutse. Ta tafi ba ta sayi komai ba. Wani shagon da tuni an kira mai Keke Napep ya ɗaura mata tanki mai lita 1,000.

Inda na fi jinjina wa dattijon nan shi ne maganar injin jan ruwa, don a nan ne aka fi cutar mutane. Inji mai zama a bakin rijiya alamunsa ba su da yawa, kuma kowace tana faɗin ciwonta.

In aka kunna ya yi gurnani bai juya ba, a kashe nan take, don wayar cikinsa zafi take ɗauka, in aka bar shi a haka ne yake ƙonewa da gaske. A zare fulogi, a zura sukudireba ta ramukan murfin baya a tura fankar. In ta cije, yashi ne ko tsatsa ya riƙe abin da ke juya ruwan. Wannan yakan faru bayan damina, lokacin da aka yi watanni ana tarar ruwan sama ba a kunna inji ba. A juya ta gaba da baya har ta saki. In kuwa tana juyawa sumul, to kusan kullum kafasita ce ta mutu, wato ɗan gwangwanin nan da ke cikin akwatin saman inji, wanda ke ba shi turin tashi. Wani lokaci ma za a ga ta kumbura. A jikinta an rubuta lamba kafin alamar µF, da kuma 450V. Baba ba ya ba da sabuwa sai ya karanta tsohuwar da idonsa, domin wadda ta gaza lamba ba za ta tashi injin ba, wadda ta zarce kuma zafi za ta sa shi. Yana kuma gargaɗi kada a taɓa bakin wayoyinta da yatsa ko an zare fulogi, sai an haɗa su da sukudireba mai mariƙin roba, don takan ajiye wuta.

In injin yana juyawa lafiya amma ruwa bai zo ba, iska ce a ciki. A kashe, a kwance ɗan murfin da ke saman kan injin, a ɗura ruwa har ya tumbatsa, a mayar a kunna. In ana ɗurawa ruwan yana zurarewa ƙasa, fut bawul ɗin da ke can bakin bututu cikin rijiya ba ya riƙe ruwa: ko tsakuwa ta maƙale masa, ko robarsa ta mutu. In ba shi ba ne, akwai mahaɗar da ke shaƙar iska tsakanin rijiya da inji. Irin wannan mahaɗa ba ta ɗiga, shi ya sa take wahalar ganewa.

Sai maganar bazara. Daga Maris zuwa Afrilu rijiyoyin Zariya suna ja da baya, sai mai gida ya ga injin da ya yi masa aiki duk shekara ya kasa. A wasu shagunan sai a ce ya yi ƙarami, ya ajiye mai ƙarfin doki ɗaya ya ɗauki mai ɗaya da rabi. Na ji Baba da kunnena yana ce wa wani matashi: "Ɗana, je ka zura guga ka auno mini igiya daga inda injin yake zuwa fuskar ruwa." Gaskiyarsa. Injin sama ba ya iya ɗago ruwa daga zurfin da ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, ko ƙarfin doki nawa ne da shi, domin nauyin iskar sarari ne ke turo ruwan cikin bututu, kuma wannan nauyi yana da iyaka. In ruwa ya sauka fiye da haka, ko a sauko da injin ƙasa, ko a koma sumo mai nutsewa cikin ruwa. Sayar wa mutum babban injin sama a wannan hali cin amana ne, ba wani suna gare shi ba. Wanda kuma ya bar inji yana juyawa babu ruwa a ciki, sil ɗin da ke tsakanin motar injin da kansa, wato abin da ke hana ruwa tsatsowa, shi ne zai ƙone. Alamarsa ɗigar ruwa ta ƙarƙashi, daidai tsakiya. Shi ma ana canza shi shi kaɗai.

Ɓangaren kayan wuta haka abin yake. Fankar sama da ta koma tafiyar hawainiya ko an kai ta lamba ta ƙarshe, yawanci kafasita ce mai 2.5µF, in ƙara take yi kamar injin niƙa, boris ne ya bushe, ƙurar hunturu ta shige shi. Dutsen guga da ya daina zafi, a fara duba fis ɗin cikin fulogi, mai 13A, sannan wayar daidai inda ta shiga jikin dutsen, don nan take karyewa. Yaranku sun iya nuna wa mutum launin wayoyi ba tare da raini ba: ruwan ƙasa ita ce mai wuta, tana zuwa wajen fis, shuɗiya tana ɗaya gefen, mai kore da rawaya tana sama, a dogon ƙarfe. Sun kuma ƙi yarda da ɗabi'ar nan ta cire fis a cusa waya ko takardar sigari, wadda ta cinye ɗakuna da dama.

Abin da ya ƙara mini natsuwa da Baba shi ne ya san inda gyaran gida ya tsaya. Firji mai yin ƙas, ya yi shiru, bayan 'yan mintuna ya sake yin ƙas, zai ce a duba ƙarfin wuta tukuna, don in ƙwan ɗaki ya yi ja-ja-ja, ba firji ba inji da ya kamata a kunna. In wuta lafiya take, a zo da rile, wato ɗan abin da ke tayar da injin firjin, a gwada. Zai ce in an ɗauke wuta aka dawo da ita a jira minti 5 kafin a kunna, a kuma daina sassaƙar ƙanƙara da wuƙa, don huda ɗaya gas ya tafi. Amma da an zo kan ɗura gas sai ya ɗaga hannu ya ce wannan ba na gida ba ne, musamman firji mai R600a, wanda gas ɗinsa ke kama wuta. Haka yake cewa game da mita, da cikin babban akwatin wuta, da shiga rijiya ana kunne da janareta a kusa.

Sauran mu'amala kuwa lafiya lau: ana ba da rasit, kuma kayan da bai yi daidai ba ana karɓa a canza.

Ina ma a ce haka sauran wurare suke. Yau bututun ruwan datti mai siririn jiki ake sayar wa mutum a matsayin na matsi, ya binne a ƙarƙashin siminti, bayan shekara ya fara fasa tayil. Gam ya yi kauri a gwangwani kamar ƙullun koko, a ce masa sabo ne. Masu haɗa bututun ma ba sa goge bakin da suka yanka da zarto, ba sa share ƙura, su shafa gam gefe ɗaya, su saki ruwa nan take. Alhali gefe biyu ake shafawa, a tura a ɗan murɗa, a riƙe daƙiƙa 30, a bar shi aƙalla awa 2 kafin ruwa, in da hali ma ya kwana. Ana gama gida sukutum babu bawul ko ɗaya tsakanin tanki da bayan gida, ta yadda canza robar famfo sai an zubar da tanki guda. Ana haɗa inji babu yuniyon, wato mahaɗar da ake iya kwancewa, duk ranar da za a cire shi sai an yanka bututu. A bar bututun roba tsirara a rana ba fenti ba rufi, ya bushe ya dinga fashewa kamar ƙwai. Ta ɓangaren wuta kuma a ja waya mai 1.5mm zuwa soket inda ya kamata a sa mai 2.5mm, wata ma in ka kankare ta sai ka ga fara ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Mai gida ba ya gani sai ran da bango ya ɗau zafi.

Roƙona ga Alhaji guda biyu ne. A riƙa ajiye robar famfo mai uku bisa huɗun inci da ƙananan sil na injin rabin doki, don suna yawan yankewa a shagon, mutum kuma sai ya koma hannun waɗancan. Sannan a samo benci a ajiye daga waje, domin bayanin Baba yana da tsawo, masu jira kuma har da tsofaffi da mata masu goyo.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. A isar masa da gaisuwata.

Wassalam.

Naku,
wani mai mu'amala da shagonku daga Tudun Wada, Zariya.