Zuwa ga ɗana, kan aikin da ka karɓa na yaɗa ɗan takara

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya.

Ƙaninka ya nuna mini abin da ka rubuta a Facebook kan abokin hamayyar maigidanka. Ban hana ka siyasa ba, kuma ba zan hana ka ba. Amma na karanta har ƙasa ina neman inda ka ambaci makaranta ko asibiti ko ruwan sha, ban gani ba. Asalin mutumin ka taɓo, da matarsa, da wata tsohuwar magana da ko kai ba ka da shaida a kanta. Wannan aikin sojojin baka ne, ba don shi na kai ka makaranta ba.

Ka ji yadda adawa take idan tana da kai. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, abin da su Malam Aminu Kano suka sa a gaba sananne ne: aikin tilas, zaluncin 'yan doka da kotunan En'e, wato hukumar gargajiya, da harajin da ke korar talaka daga garinsu. An ɗaure su, an yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku. Kada ka ɗauka mala'iku ne, su ma sun yi zambo da habaici, 'yan banga kuwa kowane ɓangare yana da nasa. Sai dai ƙarƙashin hayaniyar akwai abin da ake nema, shi ya sa da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Bafulatanin da ya daina ɓoye shanunsa a daji ya san abin da ƙuri'arsa ta sayo masa. Balarabe ma kujerarsa ya rasa a 1981, majalisar da NPN ta mamaye ta tsige shi, bai yi ko shekara biyu ba.

To kai, in maigidanka ya ci gobe, me zai soke, me zai gina? Ka taɓa tambayarsa?

Sannan ka lura da manyan nan. A 2014 Shekarau ya bar APC ya koma PDP bayan Kwankwaso ya shigo APC, a 2018 suka sake musayar gida, a 2022 suka haɗu a NNPP na 'yan watanni. Ba laifinsu nake gani ba, lissafinsu suke yi. Ina nuna maka ne cewa su sukan zauna su shirya, su yi hoto suna dariya. Yaron da ya zagi uban wani saboda kuɗin data shi ake bari da kunya, domin magana zarar bunu ce, ta waya kuma an riga an ɗauki hotonta an ajiye.

Ka soki aiki iya son ranka. Kasafin kuɗi a fili yake, ka nemo shi, ka je ka ɗauki hoton ajin da aka ce an gyara alhali yara na zaune a ƙasa, ka sa sunan unguwar. Wannan ya fi zagi ciwo. In an ce sai ka taɓa iyali ko asali, ka ce mahaifinka ya hana, ka ɗora mini laifin.

Ka goge wancan rubutun yau. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka zo gida ranar Juma'a.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.