A Rage Nauyin Buhun da 'Yan Dako Ke Ɗauka a Kasuwannin Legas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana a kan wata cuta da ke cin 'yan'uwanmu a nan Legas ba tare da an yi mata kuka ba, wato ciwon baya da ƙugu da ke kwantar da 'yan dako da 'yan lodi tun suna da sauran ƙuruciya.

Ni kaina na yi shekara tara ina dako kafin Allah ya sa na samu aikin kula da sito, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Mile 12 ya ga yadda ake sauke tirelar albasa da ta taso daga Sakkwato ko Kebbi: mutum biyu a saman mota su cicciɓo buhun da aka yi wa ƙari a baki aka ɗinke, su sako shi a kan wanda ke tsaye a ƙasa da ɗan gammonsa, wuyansa ya nutse, gwiwoyinsa su lanƙwashe, sannan ya daidaita ya kama hanya cikin caɓi da cunkoso. Na sha ganin irin wannan buhu a kan sikeli ya haura kilo 100, alhali mai ɗaukarsa bai kai kilo 70 ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da wani ƙanena, ɗan baffana, ya shiga. Yana lodi a wani sito da ba zan ambaci sunansa ba, rannan ya sunkuya ya ɗago buhun shinkafa daga ƙasa, ya murɗa jiki zai aza shi a bayan mota, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a ƙugu, ya durƙushe a wurin. Zafin ya bi ƙafarsa ta hagu har zuwa babban yatsa. Mun kai shi wurin mai tausa, mun sayi maganin sanyi da na basir, domin su ne mutane suka yi ta ce mana, sai da aka yi wata biyu sannan hoton asibiti ya nuna cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya bullutso ya danne jijiya. Mai siton ya ba shi kuɗin mota, ya ce ya je gida ya huta. Yaron bai cika shekara 27 ba, amma yau a zaune yake sallah, ba ya iya ruku'u, kuma ba ya iya ɗaga 'yarsa mai shekara biyu.

Bayan wannan ne na tsananta tambaya a wurin likitocin gashin ƙashi, na kuma karanta abin da ya sauwaƙa, sai na tarar akwai fannin ilimi sukutum da ake kira ergonomiks, wato ilimin daidaita aiki da jikin mai yin sa, kuma masanansa sun daɗe da auna abin da mu muke ɗauka ƙaddara ce kawai. Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta a kan cututtukan masu sana'o'i, har da masu ɗaukar kaya. A zamaninmu kuwa, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da ma'aunin ɗaga kaya a 1981, ta sake gyara shi a 1991, inda ta tsayar da kilo 23 a matsayin nauyin da galibin ma'aikata masu lafiya za su iya ɗagawa ba tare da cutuwa ba. Wannan ma sai idan komai ya daidaita: kayan na dab da jiki, yana bisa kamar santimita 75 daga ƙasa, yana da wurin riƙewa, ba a murɗa ƙugu, kuma ba a yi ta maimaitawa babu hutu.

Lissafin nasu ya fi ba ni tsoro a inda ya nuna yadda adadin ke raguwa. Idan tazarar kayan da jiki ta tashi daga santimita 25 zuwa 50, kilo 23 ɗin nan ya koma rabi. Idan daga daɓen ƙasa za a ɗago, an sake zaftare sama da kashi ɗaya cikin biyar, idan kuma aka murɗa jiki gefe ɗaya sosai kamar yadda ƙanena ya yi, an zaftare kusan kashi uku cikin goma. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Naman da ke riƙe gadon baya yana manne da ƙashi, tazararsa ba ta wuce santimita biyar ba, shi kuwa buhun yana can gaba, saboda haka dole naman ya ja da ƙarfin da ya ninka nauyin buhun sau da yawa, kuma duk wannan matsi a kan guringuntsin ƙasan baya yake sauka. Masanan sun sa iyakar matsin da ya kamata wannan wuri ya ɗauka a kimanin nauyin kilo 350. Buhun siminti ko na shinkafa mai kilo 50 da muke gani ƙarami ya ninka ma'aunin nasu fiye da sau biyu, balle buhun albasa.

Ko Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta fi sassauci, tun a 1967 ta ba da shawarar kada a ɗora wa baligin namiji fiye da kilo 55. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma babu abin da ya kai shi nakasa mutane a duniya.

Akwai wani sakamakon bincike da nake so masu kamfanoni da shugabannin kasuwa su ji da kyau. An gwada bel ɗin nan mai faɗi da ake ɗaura wa ma'aikata a ƙugu, kuma tun a 1994 NIOSH ta ce ba ta ga hujjar cewa yana hana rauni ba. Haka nan da aka tattara bincike-bincike a kan horar da ma'aikata yadda za su tsuguna su ɗaga kaya, ba a ga cewa horon shi kaɗai yana rage ciwon baya ba. Ban ce a daina koyarwa ba, amma a ganina zalunci ne a ce wa mutum ya gyara tsayuwarsa alhali an bar masa kilo 100 a ka. Gyaran da ke aiki shi ne wanda aka yi wa kayan da wurin aikin.

Na ga haka da idona a siton da nake. Da muka daina jibge buhuna a ƙasa muka riƙa jera su a kan dandamalin katako, muka sa doka cewa buhu mai kilo 50 mutum biyu ne za su kama, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, muka kuma kawo baro da kurar turawa, masu zuwa neman izinin zuwa kemis sun ragu ƙwarai, kuma aikin bai tsaya ba. Kuɗin katakon bai kai abin da muka kashe a jinyar ƙanena ba.

Na san inda gizo ke saƙar. Kuɗin mota da na haraji da na dako duk da buhu ake lissafa su, shi ya sa ɗan kasuwa ke cusa kaya har buhu ya yi wuya, shi kuma ɗan dako ba ya son a raba masa ladan buhu da wani. Daga nan ne ƙwayar tramadol ke samun ƙofa, domin yaron da bayansa ke masa kashedi sai ya haɗiye ta ya danne zafin ya koma bakin mota, raunin na ƙaruwa bai sani ba. Amma wannan ba abin da ya gagari gyara ba ne. Ƙasar Kenya ta kafa doka a 2019 cewa buhun dankalin turawa kada ya wuce kilo 50, saboda irin wannan cushe, kuma a Ingila siminti a buhu mai kilo 25 ake sayar da shi. Idan ƙungiyoyin 'yan albasa da na direbobi suka yarda a riƙa lissafi da kilo, babu wanda zai yi asara don an raba buhu biyu.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kasuwar Mile 12 da ta Alaba Rago, da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, da su zauna da 'yan kasuwar da ke ɗauro kaya daga Arewa a tsayar da iyakar nauyin buhu, a kuma gina dandamalin sauke kaya daidai da tsayin bayan mota. Ina roƙon Hukumar Kiyaye Haɗura ta Jihar Legas da ta riƙa leƙa sito-sito da kasuwanni kamar yadda take leƙa manyan masana'antu. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato NSITF, domin irin wannan rana, amma ƙanena bai taɓa jin sunanta ba, domin kullum da yamma ake sallamarsa a hannu, babu takarda. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan dako su nemi a yi musu rajista.

Ga malaman jami'o'inmu kuma, musamman na sashen gashin ƙashi a Jami'ar Legas da likitocin asibitin ƙashi na Igbobi, ma'aunin Amurka an yi shi ne don mai ɗaga kwali da hannu biyu a cikin masana'anta. Mu namu a ka muke ɗauka, a cikin rana, a kan hanya mai santsi. Ina roƙonsu da su zo kasuwa da sikeli da ma'auninsu su auna mu, su faɗa mana da Hausa nauyin da wuya da baya za su iya jurewa, mu kuma za mu tara musu 'yan dako a duk ranar da suka sa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Agege, Legas.