Tsiron dawa ba na masu giya kaɗai ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 20 ke nan ina sana'ar kunun zaƙi a Daura. Rannan ɗana ya nuna min a waya yadda Turawa ke dafa giya a gidajensu, suna ta ɗokin sababbin irin hops, wani fure mai ɗaci da ake nomawa a Jamus da Amurka. Na ga hatsin nasu ma sai an jiƙa, ya tsira, an shanya, an niƙa. Na ce ikon Allah, ai aikina ne wannan! Ni ma kwana uku nake lulluɓe jiƙaƙƙiyar dawa da buhu ina yayyafa ruwa, har ta fid da fararen saiwoyi, ita ke sa kunu ya saki ya yi gardi. Inda muka rabu, su yis suke zubawa su ajiye makonni. Nawa kuwa in ya kwana a zafin nan ya fara kumfa, zubarwa nake.

To wata maƙwabciya ta ga tsirona a shanye kan tabarma, ta shiga yaɗa wai burkutu nake haɗawa. Gidaje biyu har sun daina aiko yara saye. Don Allah malamanmu su yi wa jama'a bayani. Citta, kanumfari da ɗan dankali kawai nake ƙarawa.

Taku,
Mai kunu, Daura