Madatsar Bakolori da ra'ayin zamanantarwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani ra'ayi da har yau ake karantarwa a jami'o'inmu, kuma masu tsara mana ayyukan raya ƙasa ba su rabu da shi ba. A 1960 Walt Rostow, wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, ya ce kowace ƙasa sai ta taka matakai biyar, daga zaman gargajiya har ta kai ga rayuwa irin ta Amurka da Turai. A wannan lissafi, noman kaka da kakanni shi ne ƙarfen ƙafa. A kawo injina da manyan ayyuka kawai, cigaba zai biyo baya.

Mu a ƙasar Sakkwato da Zamfara mun ga inda wannan tunani ya kai mu. Lokacin da kuɗin mai ke ambaliya, kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, aka kammala a 1978. An tashi ƙauyuka, an karɓe gonaki, diyyar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Da manoma suka tare hanya suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne mutanen fadamar da ke ƙasa da madatsar, domin ko a lissafi ba a sa su ba. Duk shekara gulbi yakan cika ya malale, ya bar musu laka mai albarka. Da ita suke noman shinkafa, da rani su sa albasa da dankali, masunta kuma su ja taru a tafkunan da ruwan ya bari. Da aka tare ruwan, fadama ta bushe. Wannan ilimi ne da aka gada tun zamanin zamanna, amma injiniyoyi suka ɗauke shi a matsayin ci baya, ba wanda ya zauna da manomi ya tambaye shi.

Ba na ƙin madatsar ruwa, ba na ƙin taraktoci. Abin da nake ƙi shi ne a tsara wa mutane rayuwa a ofis ba tare da jin ta bakinsu ba. Tunda TRIMING, shirin inganta noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa, ya sa hannu a gyaran magudanan Bakolori, ina roƙon jaridarku ta tura wakili ƙauyukan fadamar nan, ya ji ko a wannan karon an nemi shawararsu.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Gusau