Rahoton Ayyukan Shekara: Tausar Dawakai da Karnuka

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu likitocin dabbobi, da 'yan uwa masu barga da mafarauta, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare, kamar yadda aka ɗora wa sakatare.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne na hawan Sallah. Ƙaramar Sallah ta faɗo a tsakiyar bazara, dawakai suka yini cikin rana da ƙura ɗauke da kayan ado, wasu har da lifidi. Muka rarraba kanmu barga-barga, muna duba su kafin hawa da kuma washegari. Tun da hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kowa maganar kwalliyar doki yake yi. Mu kuwa abin da ke ƙarƙashin jalala, wato mayafin sirdi, muka je gani, kuma bai yi mana daɗi ba.

Yawancin dawakan da aka ce mana suna ciwon baya, sirdi ne ya ci su. Za ka aza tafin hannu a gadon baya, dokin ya lanƙwashe, ya kwantar da kunne, ka duba ka ga farin gashi ya tsiro a inda sirdi ke dannawa. Mai doki ya ce a tausa. Mun tausa, tsoka ta saki, bayan kwana uku an mayar da sirdin nan dai da tsohuwar zubka (matashin da ke ƙarƙashin sirdi) da ta mutu, an ja majayi (ɗamarar sirdi) kamar ana ɗaure kaya a kan jaki. Ka ga an koma gidan jiya. Shi ya sa daga tsakiyar shekara muka kafa sharaɗi: ba za mu taɓa bayan doki ba sai an kawo mana sirdinsa mun gani. Wasu sun ji haushi. Biyu daga cikin iyayenmu masu ɗinkin sirdi sun ba mu goyon baya, har suka zo suka nuna wa yaran barga yadda ake sake cusa zubka. Allah ya saka musu da alheri.

A zaman horarwa na wata-wata, abin da muka fi nanatawa shi ne inda ba a tausa. Daga gwiwa zuwa kofato doki ba shi da tsoka, jijiyoyi ne da ƙashi. Idan wurin ya kumbura ya yi zafi bayan sukuwa ko wasan folo, ruwan sanyi ne maganin farko da hutu, ba murza da man kaɗanya ba, balle lalas, wato ƙuna da ƙarfe mai zafi. Haka dokin da aka bari a turke kwana da kwanaki ana ɗura masa dawa, rana ɗaya aka fita da shi a guje. Irin wannan kuturinsa, wato saman cinyoyinsa na baya, kan sandare, gumi ya karyo masa, fitsarinsa ya yi duhu. A sauke sirdi, kada a tilasta masa tafiya, kada a tausa, a kira likita. Mun kuma koya wa kowa auna zafin jiki da bugun zuciya: lafiyayyen doki a hutu zafinsa tsakanin digiri 37.5 ne da 38.5, bugunsa kuma 28 zuwa 44 a minti. Doki mai zazzaɓi ba namu ba ne, na likita ne.

Ba zan ɓoye ba, an sami kuskure. Wani ɗan ƙungiya ya shafe mako yana tausar kafaɗar wata goɗiya mai ɗingishi, ashe ƙusa ce a kofato ta tara ruwa. Ta warke bayan likita ya buɗe wurin, amma mun ji kunya. Yanzu duk ɗingishi daga kofato ake fara dubawa.

Ɓangaren karnuka bai yi ƙarfi ba bana. Mafarauta sun kawo nasu bayan fitar rani, galibi da taurin cinya da tsagewar tafin ƙafa, sai 'yan tsofaffin karnukan gadi da tashi ke yi wa wuya. Ƙa'idarmu tana nan: takunkumi a baki, da shaidar allurar haukan kare ta shekarar. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, mun raka masu karnuka asibitin dabbobi aka yi musu allura.

Abin da muka yi alkawari bara ba mu cika ba shi ne rumfar duba dabbobi. Kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba, kuma masu bashi sun san kansu. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla bayan wannan.

A shekara mai zuwa kwamiti na neman amincewarku a fara zagayen barguna wata guda kafin Sallah, ba ana jajibiri ba, kuma kowane doki a buɗe masa kati da za a riƙa rubuta abin da hannu ya ji a jikinsa. Wanda ke da gyara ya kawo a taron wata mai zuwa, bayan sallar La'asar.

Sakataren ƙungiya