A Fayyace Kayan Aikin Neman Zinare Yadda Kowa Zai Gane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in yi tsokaci a kan wani ɓangare na dokar neman zinare da ba kasafai ake taɓo shi ba, wato kayan aikin da hukuma ta yarda mutum ya riƙe a hannunsa.

A jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya akwai mutanen da neman gwal nishaɗi ne kawai a wurinsu, kamar yadda wani yake ɗaukar fatsa ya nufi bakin kogi ranar hutu. Duk da haka hukuma ba ta sakar musu mara ba. Duk baligin da yake so ya shiga daji sai ya yanki takardar izini ta shekara 10, wadda asalinta ya samo tun 1855, bayan boren da mahaƙa suka yi a Ballarat a 1854 saboda tsadar lasisi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka bi kayan aikin ɗaya bayan ɗaya: an yarda da diga da shebur da rariya da tasar wanke ƙasa da na'urar gano ƙarfe, amma an haramta tona ƙasa da inji, da fasa dutse da nakiya, da sare itatuwa, kuma ramin da mutum ya haƙa dole ya cike shi kafin ya bar wurin. Wannan ƙa'ida ba ta toshe arzikin kowa ba, domin a 1980 da irin wannan na'urar ta hannu wani mutum ya gano dunƙulen gwal mai nauyin kilo 27 a kusa da Kingower.

A Kaliforniya ta Amurka kuwa, rigimar a kan inji guda ɗaya aka yi ta, wato injin da ake ɗorawa a kan ruwa yana zuƙo yashi da tsakuwa daga gindin kogi ta cikin mesa. A 2009 gwamnatin jihar ta dakatar da amfani da shi, bayan 'yan ƙabilar Karuk sun kai ƙara cewa yana lalata wuraren da kifin salmon yake zuba ƙwai, ga kuma tsohuwar zaibar ware zinare daga ƙasa da mahaƙan zamanin 1849 suka bari a ƙarƙashin ruwa wadda injin yake tayarwa. Masu injin sun yi kuka, kuma ni ban ga laifinsu ba tunda kuɗinsu suka zuba, amma a 2016 kotun ƙolin jihar ta tabbatar da ikon gwamnati na hana shi. Mai tasa da shebur kuwa har yau yana wanke yashinsa.

Na san za a ce wancan wasan masu ƙoshi ne, mu a nan abinci ake nema. Gaskiya ne, kuma shi ya sa maganar ta fi shafar mu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, kuma abin da ya kai gubar cikin gidaje shi ne turmi da injin niƙan hatsi da aka mayar na niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a bushe. Na taɓa tsayawa kusa da irin wannan injin a wani ƙauye, na ga ƙura fara sol ta kwanta a kan tabarma da murfin randa, wata yarinya mai tallar ƙosai tana zaune a gefe da farantinta a buɗe. A 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Muna da dokar ma'adinai ta 2007, amma abin da ya isa kunnen mai haƙa a ƙauye daga cikinta bai wuce batun lasisi da rajistar ƙungiya ba. Da matsalar 'yan bindiga ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai aka hana haƙar gaba ɗaya a Zamfara a 2019, aka kuma ɗage hanin a Disambar 2024. Roƙona ga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya shi ne ta fitar da jeri gajere, da boko da ajami, a riƙa karanta shi a rediyo: ga kayan da mai aikin hannu zai riƙe, ga wanda sai da lasisin kamfani, a wajabta niƙa dutse da ruwa nesa da gari, a kuma hana ƙona zaiba a tsakar gida. Dagaci da mai unguwa za su iya sa ido a kan wannan, tunda inji ba ya ɓoyuwa.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Gusau