Wasiƙa daga Landan: kayan sarkin da aka binne cikin jirgi

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya kasuwa, ya zafin maƙera? Mu nan sai sanyi, rana leƙowa kawai take yi ta koma.

Ranar Asabar na shiga gidan tarihi na British Museum, ɗaki na 41, na yi wajen awa biyu a gaban gilashi, kai kaɗai nake ta tunawa. Kayan wani kabari ne da aka tono a 1939 a Sutton Hoo, gabashin Ingila. Mai filin, Edith Pretty, ita ta sa wani mai suna Basil Brown ya tona mata tuddan da ke wurin, sai ga jirgin ruwa mai tsawon mita 27 a binne. Katakon ya daɗe da ruɓewa, sai shatinsa a yashi da ƙusoshin ƙarfe a jere. Gawar ma ƙasa ta cinye. An yi binnewar a farkon ƙarni na 7, masana da yawa suna zaton Radwald ne, sarkin yankin a wancan zamani.

Kowa hular kwanon yake rububin ɗauka hoto, wadda aka samu a farfashe aka yi ta harhaɗawa. Ni kuwa kan ɗamara ne ya tsayar da ni. Zinariya ce, nauyinta ya haura giram 400, kai da kake awo kullum sai ka buga lissafi. An yi masa zanen macizai da tsuntsaye sun sarƙe da juna, na bi jelar ɗaya da ido don in ga inda ta ƙare, sau uku tana ɓace mini.

Amma wallahi aikin da ya fi ƙarfina shi ne maɗaurin kafaɗa. Sun yi ƴan ɗakuna ƙanana da zinariya, suka yanka jan dutse daidai kowane ɗaki suka zaunar, ba gibi. A ƙarƙashin dutsen kuma sun shimfiɗa fallen zinariya mai ƴan zane-zane, shi ke maido da haske har dutsen ya riƙa ƙyalli kamar garwashi. Babu lantarki, babu inji, sai ido da hannu da haƙuri. Na tuna Baba yana yi mana faɗa a kan gaggawa lokacin da muke zuga masa wuta.

Wani abin mamakin, kayan ba na gida ba ne duka. Akwai babban faranti na azurfa daga Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, ɗauke da hatimin Sarki Anastasiyus wanda ya mutu a 518, ka ga ke nan ya kai shekara ɗari kafin a binne shi. A wata jakar kuɗi kuma akwai tsabar zinariya 37, yawancinsu daga ƙasar da yau ake kira Faransa. Ashe fatauci ya daɗe yana kai kaya inda mai shi bai taɓa mafarki ba. Sai Durɓi Takusheyi ta faɗo mini a rai, tuddan nan na Katsina da aka tono tasoshin nesa a ciki, mu da muke kusa ko sau ɗaya ba mu je ba.

A ɗakin dai akwai wani kofin gilashi na Rumawa, na ƙarni na 4, kore ne, amma idan haske ya ratsa ta bayansa sai ya koma ja. Ƙurar zinariya da azurfa ce a cikin gilashin. Wannan labarin sai na zo.

Na ɗauki hoton maɗaurin daga kusa, zan turo maka ta WhatsApp. Ka nuna wa Baba, ka tambaye shi da me yake ganin suka yanka dutsen siriri haka, ka rubuto mini abin da ya ce. A gaida Inna, a shafa mini kan yara.

Naka,
amininka na Landan